Daƙiƙa Huɗu

Ɗakin da muke ɗaukar murya a Ranchi
yana saman shagon mai faci.
Mun manne bangon da kwalayen ƙwai,
duk da haka in guduma ta faɗi a ƙasa
sai mu haɗiye magana, mu jira.

A allo, wata likita 'yar Delhi
tana bayanin saran maciji da Hindi.
Bakinta ya buɗe daƙiƙa huɗu, ya rufe.
Aikina in ɗura Sadri cikin huɗun nan
ba tare da ya zuba ta gefe ba.

Bandhan Kispotta, mai na'ura, ya ɗaga yatsa:
"Kin yi tsawo, Jhalo. Rage."
In rage me?
A garinmu ba a miƙa wa mutum magana tsirara.
Sai an ce johar,
an tambayi shinkafa ko ta fid da kai,
an tambayi gwiwar da ke ciwo tun bara,
sannan a ce: kada ku tsaga wurin,
kada ku tsotsa, ku nufi asibiti.

Saboda kalma guda na kira kawu
a gonar shayi can Assam.
Ya ba ni tasa. Ba ita ce ta Gumla ba.
Muka yi ta ja-in-ja har katina ya ƙare.
Zane ɗaya ne, aka raba shi biyu,
kowane rabi ya bushe a ranarsa.

A makaranta malam ya ce mana
yaren kasuwa ne, na cinikin gishiri
tsakanin Munda da Kurukh,
a tuɓe shi a ƙofar aji tare da takalmi.
Na tuɓe.
Yau ga shi ana biyana in saka,
yana ɗan cizona a dunduniya.

Lokacin da furen mahuwa ke zuba
na kai aikin gida cikin waya.
Kaka Sukro na tsince furen a tabarma.
Likita ta fara magana da muryata.
Hannun kaka ya tsaya.
Ta goge shi a zani, ta gaida wayar: johar.
"'Yar gidan wa ce?
Fuska ta baƙi, baki namu."

Ban ce komai ba.

"Tana da hankali," in ji ta,
"sai dai sauri, kamar ta bar tukunya a wuta.
Ki ce mata in ta dawo
ta fara zama tukuna."

Ta sa na maimaita sau uku.
A na ukun ta aiki yaro
ya kira Etwari ta bayan rijiya,
wadda ɗanta ya tafi a daminar bara
da tsaga biyu a idon sawu.