Ƴar Buta a Tablo

A waya na gan ta, hoto bakwai,
fara sol, kamar ba ta taɓa bin Katako ba.
Alzuma ya rubuto: "Ta wata tsohuwa ce,
asibiti kawai take zuwa."
Na tura miliyan biyu.

Kwana tara.
Kan gada, rana tsaka,
zafi ya ɓamɓare baƙin salatef a tablo,
sai ga ƴar buta ja,
ɗigo ɗaya rataye a bakinta.
Na ce, shayi take so?

A Wadata, Tanimun ya zaro ma'aunin mai,
busasshe ƙayau.
"Ba ta yi maka ƙarya ba," in ji shi,
"bakinta aka ɗaure."

Lambar Alzuma kuwa,
wata mata ke amsawa, cikin Faransanci,
da ladabi.