Idon Aro a Waza

Mun baro Mora tun assalatu,
ni da Baba Jatau, cikin akori-kurar aro
wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai da igiya.
Duwatsun Waza suka ɓullo kamar raƙuma a durƙushe.
Ya ce, "Sun fito?"
Na ce, "Sun fito."
Ya ce, "Na sani. Ƙashin bayana ya gane ramukan nan."

Shekara talatin da ɗaya yana ja-gaban baƙi a dajin nan,
tsaye a bayan mota, hannu ɗaya a ƙarfe,
ɗaya yana nuni.
Yanzu yana ta rufe idanun,
sun yi fari kamar kindirmo.

A bakin shiga na ƙirga sefa,
aka haɗa mu da mai gadi, Bubakari,
yaron da takalmin Baba ya girme shi.

"Ladingo, ɗaga ƙafarki kaɗan.
Mai sauri ƙurarsa kawai yake gani."

Na sassauta. Farar ƙaya tana karce jikin mota,
zabi suka tsallaka hanya a guje
kamar matan da suka makara biki.
Na ce, "Raƙuman dawa, Baba, guda uku."
Ya karkata kunne.
"Sake ƙirgawa. Carki na kuka a ƙasa-ƙasa."
Na leƙa ƙarƙashin reshe,
sai ga ɗan jariri, ƙafafu kamar kara,
yana koyon yadda ake tsayuwa a duniya.
Bubakari ya cire hula ya sosa ƙeya.

Muka faɗa fadama, rana ta take.
Ƙasa ta tsattsage kamar faso,
maraya sun bazu, jajaye, har iyakar gani,
gauraka biyu suna taku irin na masu kuɗi.
Ina faɗa, yana gyaɗa kai,
kamar malami na sauraron hadda.

Sai tafkin da yake ba mu labari tun muna yara,
inda ya ce giwaye kan tare rana,
har direba ya kashe inji ya yi ta salati.
Na tsaya.
Laka ce, da borin tinke guda
yana tsaye kamar mai jiran bashi.

Ya ce, "Su nawa ne?"
Na dubi Bubakari, ya dubi bindigarsa.
Na ce, "Da yawa, Baba. Ba su ƙirguwa."

Shiru ya yi tsawo.
Inji yana ƙas-ƙas, yana hucewa.

"Cikin giwa ba ya shiru, 'yata,
ruri yake kamar hadarin nesa.
Iskar nan kuwa warin shanu ta kawo.
Idon da na ara a wurinki,
kada ki ba ni shi da ƙari."

Kunya ta fi ranar zafi.

Ya kwance igiyar ƙofa da kansa,
ya sauka, ya tsuguna a gefen laka,
tafin hannunsa yana lalube
kamar mai neman allura a tabarma.
Can ya tsaya.
"Zo ki sa hannu."
Rami ne mai faɗin faifai, gefensa bai bushe ba.
"Toro ne, shi kaɗai, daren jiya.
Yana jan ƙafar hagu.
Tsoho ne. Ya zo ya duba ko tafkin na nan."
Sai ya yi dariya har da tari.

Ba mu gan shi ba.
Mun ci ƙosai mai sanyi a inuwar tsamiya,
Bubakari yana tambaya, Baba yana amsawa,
har la'asar ta yi sakaliya.

A hanyar fita na ɗauka barci yake,
sai hannun nan ya tashi ta taga,
ya nuna wani duhun ƙaya a yamma.
Na duba. Ban ga komai ba.
Na dai ɗaga ƙafata.