Mai Jirgin Fito

A asibitin Lamorde likita ta ɗaga hoton kan Baba,
ta sa bakin biro kan wani ɗan lanƙwashe
da bai fi ɗan yatsa ba.
"Hifokamfus," in ji ta. "Dokin teku."
Baba Arzika ya yi dariya:
"Ni dorina na sani, ɗiyata."

Ta ce shi ne mai jirgin fito a cikin kai.
Abin da ido ya gani yau
shi ke lodawa, ya haye da shi cikin dare
zuwa gaɓar da ake ajiya.
Na Baba ya gaji. Jirgin na yoyo.

Shekara talatin da takisi a Yamai,
Katako, Wadata, Talaje, Harobanda,
har lungun da ba shi da suna.
Jiya, tsakanin masallaci da ƙofarmu,
hanya ta kuɓuce masa.
Yaron mai shayi ya riƙo hannunsa.

Abin da ya haye tun da yana nan daram:
lambar tsohuwar motarsa,
kuɗin buhun gero shekarar da aka haife ni,
zanen da Tsahara ta ɗaura ran da ya fara ganinta.
Furar da ya sha ɗazu kuwa
tana bakin ruwa, ba mai ɗauka.

Da muka sauko gada za mu gida
ya juyo ya dube ni, ya daɗe.
"Wa ke tuƙi?"
"Ni ce, Baba. Zali."
"To, riƙe dama, akwai rami gaba."

An cike ramin tun ina lakwal.
Na riƙe dama.