Giɓin Waƙa

Ƙarfe goma na dare, rana ta ƙi tafiya,
ta jingina da itatuwan hayin tafkin Saimaa
kamar baƙuwar da ta yi ban kwana sau uku,
tana nan a bakin ƙofa, hira sai ƙaruwa.

Mun fito ɗakin surace, jiki ja wur, gashi na ɗiga.
Tapio ya faskara icce mai farin ɓawo,
ya hura wuta tsakanin duwatsun nan bakwai
da suka yi baƙi tun kafin a haife ni.
Kifi uku a jikin katako, gishiri, dankali sabon haƙa.
Sauro, da ba wanda ya gayyata,
ya iso da danginsa kaf, kowa sai marin kansa yake,
Eeli ɗana na ƙirga nasa, wai ya kai sha biyu da kashewa.

Kaka Aune na kan kujerarta mai gajeriyar ƙafa ɗaya,
bargo a gwiwa, kofi ya huce a hannu.
Wannan ne bazararmu ta fari a bukkar katako
ba tare da tarin tsoho Veikko ba.
Hularsa na nan a ƙusa. Ba wanda ya yi zancen saukewa.

Sai ga Kawu Risto da akodiyon tsohon a ƙirji,
zugazugin nan da ke shaƙar iska ya fesar da daɗi.
Ya ce, da fara'ar wanda ya ɓoye tsaraba:
"Na kai shi Mikkeli an gyara.
Maɓallin nan da ya mutu shekara talatin, ya tashi."
Ya ja, ya matse,
waƙar maƙoƙin jirgin ruwa ta fito sumul,
ba tuntuɓe, ba gargada,
ta bi saman ruwa har hayi tana sheƙi.
Muka tafa. Hilla ta ɗauka a waya don turawa.

Kaka ba ta tafa ba.
Ta dubi wuta, ta ce, "Ba ita ba ce."

Shiru ya zauna tsakaninmu kamar mutum na takwas.
Wani tsuntsun ruwa ya yi kuka can nesa, ya fasa.
Sai a lokacin na tuna:
a tsakiyar baiti na biyu akwai rami,
inda yatsan tsoho ke danna maɓalli, maɓalli ya yi gum,
shi kuwa ya cike da hancinsa, "hmm",
yana hararar mu, kada wani ya yi dariya.
Mu kuwa sai mun yi. Kowace bazara sai mun yi.
Ashe gyaran Kawu ne ya zama ɓatawa.

Risto ya sunkuyar da kai, ya share tabarau da riga.
Ya sake ja daga farko, a hankali.
Da ya zo wurin, ya ɗaga yatsa sama.
Iska ta wuce ta cikin giɓin, da ƙarar icce a wuta,
sai mu bakwai, ba wanda ya shirya da wani,
muka ce "hmm" ta hanci,
wani ya yi sama, wani ƙasa, Eeli ya makara.
Kaka ta tuntsure da dariya har kofi ya zube a bargo,
ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne,
alhali hayaƙi can gefen Tapio yake karkatawa.

Sau biyar muka maimaita.
Kifi ɗaya ya ƙone, muka ci hakanan da yatsu.
Can wajen ƙarfe ɗaya rana ta ɗan nutse,
ta taɓa ruwa kamar mai gwada sanyinsa da ƙafa,
ba ta jima ba ta soma dawowa.

Na ɗebo ruwan tafki a bokiti na kashe garwashi.
Ina shiga, na ga Kawu ya rataye akodiyon
a ƙusar da ke kusa da hular.