Burtalin Ajiwa

Na bar wa masu sauri kwalta,
na karkata kan kekena cikin burtali
bayan ruwan daren jiya.

Hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce:
ga sawun kofato, ga na silifa,
ga zanen tayar wanda ya riga ni.
Gero ya kai kafaɗa, yana shafa ta.

Sarƙa ta zame a gindin giginya.
Tsoho Barmo, fartanya a wuya,
ya mayar mani ita da tsinke,
ya ce, "Ɗan birni, ruwan ba ya gudu."

Sai na tura da ƙafa.
Nan na ga balbela bisa doron sa,
na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar tafasa.

Na isa madatsa da la'asar,
baƙin mai a tafina.
Ban wanke ba.