Tafinta a Adum

Shekara sha tara ina zaune tsakanin baki da kunne.
Alƙali ya ɗora da Turanci, ni in sauke da Hausa,
wani lokaci in ratsa ta Tonanci
kamar mai tsallake kwata a Aboabo.

Yau Barikisu ce a benci na uku,
mai koko da ƙosai ta bakin tasha.
Tun hantsi ta kife tukunya ta taho.
Ɗanta Mutawakilu na tsaye a akwati
kan wayar da ya saya a Kejetia,
sidi ɗari huɗu, babu rasit.

Da aka tafi hutu ta kamo gefen rigata.
"Wanda ake tuhuma, ɓarawo ke nan?"
Na ce a'a, Iya.
Tuhuma yatsa ce, nuni kawai ta iya,
kuma mai nunin shi zai ɗauko hujja a ka.
Kafin nan ɗanki fari ne tas,
kamar ƙullun ƙosai da bai ga mai ba.

"To belin nan, nawa ake sayar da shi?"
Ba na sayarwa ba ne. Aro ne.
Kotu za ta ara miki ɗanki ya kwana a gida,
wani mai mutunci ya sa hannu.
In yaro ya cika wandonsa da iska,
aljihun mai sa hannun za a zazzage.
Ta yi shiru tana ƙirga mazan unguwa da yatsu,
ta tsaya a na biyu.

Sammaci, na ce, takarda ce mai sallama,
ta ce ka zo ran kaza, ta juya.
Waranti bai san sallama ba,
da takalminsa yake hawa tabarma.

"Ni zan yi masa shaida. Kowa ya ce yaron kirki ne."
Iya, shaida ido ce.
"An ce" ba ta da kujera a ɗakin nan,
ko ta yi asubanci.

Muka koma. Mai gabatar da ƙara bai zo da fayil ba.
Alƙali ya duba kalanda,
ya furta kalmar da na fi fassarawa a duniya.
A littafi, ɗage shari'a
sauya rana ce kawai.
Littafin bai san kuɗin trotro ba,
bai san gasara tana tsami ba,
bai san mako uku a bayan ƙarfe
ya fi mako uku tsawo ba.

A kan matakala tana gyara mayafi ta ce,
"Adalci fa, yaya sunansa da Turanci?"
Na faɗa mata.
Ta juya shi a baki kamar goron da ba ta saba da shi ba.
"Ban ji an kira shi yau ba."

Na buɗe baki in fassara,
sai na tuna ba kowa ya yi magana ba
sai ita.