Gashin Valdeci

Da hantsi jirginmu ya tsaya a gaɓar Tapajós.
Na sauke akwati: almakashi, agogo,
da allo mai ramuka ashirin da biyar.
Valdeci ne a farkon layi,
shi da ya koya mini ɗinkin taru ina 'yar shekara bakwai.

Na ce, Baba, rufe ido ka taɓa hancinka.
Ya yi dariya: wa ke ɓata a hanyar hancinsa?
Yatsan ya tashi, ya yi shawagi kamar mazari,
ya sauka a kunci.
Dariyar ta maƙale a wuya.

Sai allo. Kowace ƙusa da raminta.
Agogo na tafiya, hannu na rawa,
hannun da ke zare ƙugiya daga bakin kifi cikin duhu.
Na rubuta: daƙiƙa ɗari da goma sha huɗu.
Jikarsa Jucilene ta gama a saba'in,
amma da na zagayo da fensir ta gefen kunnenta
ba ta gan shi ba sai da ya kusa tsakar goshi.
Duniya na tsuke mata kamar bakin tulu,
ita kuwa tana ta wasa da igiyar takalmina.

Na yanki gashi a ƙeya, dab da fata.
Gashi ba ya ƙarya, in ji likita Berenice,
kowane wata yana ajiye shaidarsa.
A Belém za su bi shi gaɓa-gaɓa kamar rake,
su ce ga watan ambaliya,
ga watan da manyan kifaye suka cika tukunya.

Zaiba ba ta da wari.
Masu wanke zinari na can sama, tafiyar kwana uku,
ko fuskarsu ba mu sani ba.
Ƙaramin kifi ya haɗiya, babba ya haɗiye ƙarami,
mu muka zo ƙarshe da cokali.

Ya ce, to na ci jarrabawar?
Na ce sakamako sai ruwa ya janye.
Na miƙa masa takarda mai hotuna:
a riƙa cin kifin da ba ya cin kifi.
Ya juya ta, ya sake juyawa,
ya ce taru bai iya karatu ba.

Da azahar matarsa Zuleide ta kawo gasasshe
da garin rogo da lemun tsami.
Ba a mayar da kwanon uwa.
Na ci har ƙaya.

Da dare, a cikin jirgi, injin ya yi shiru,
ambulan arba'in na kwance a akwati.
Na rufe ido.
Na ɗaga yatsa a hankali,
ina neman hancina.